Dutsen da ya ƙi niƙuwa: tarihin takonait a Minnesota

Ranar Asabar, 20 ga Afrilun 1974, wani alƙalin kotun tarayya a birnin Minneapolis na Amurka mai suna Miles Lord ya ba da umurnin a rufe masana'antar kamfanin Reserve Mining da ke garin Silver Bay, a gaɓar Tafkin Superior. An shafe kwana 139 ana zaman shari'ar, an saurari shaidu fiye da ɗari. Masana'antar tana fitar da kimanin tan miliyan 10 na tama a shekara, fiye da kashi ɗaya cikin goma na tamar da Amurka ke samarwa a lokacin, kuma mutum sama da dubu uku ne ke cin abinci a ƙarƙashin kamfanin. Abin da ya kai shi gaban alƙali shi ne garin dutse: tan 67,000 da yake zubarwa kowace rana a cikin tafkin da mutanen birnin Duluth ke shan ruwansa.

Kafin a cika kwana biyu kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da umurnin, injuna suka ci gaba da ruri. Sai dai shari'ar ta sa jama'a sun fara tambayar abin da a da injiniyoyi kaɗai ya dama: me ya sa sai an niƙa dutse ya yi laushin hoda kafin a sami ƙarfe, har a zubar da kashi biyu cikin ukunsa? Amsar tana cikin halittar dutsen, da kuma shekarun da aka kwashe ana neman hanyar karya shi ba tare da an karye ba.

Jar ƙasa da baƙin dutse

A arewa maso gabashin jihar Minnesota akwai wani jerin tuddai da ya miƙe kimanin kilomita 180, ana kiransa Mesabi, daga wata kalma ta harshen Ojibwe mai nufin ƙato. Kusan shekara biliyan biyu da suka wuce wurin ƙasan wani teku ne marar zurfi, inda ƙarfe da silika suka riƙa kwantawa shimfiɗa bisa shimfiɗa har suka daskare suka zama dutse. Silika ita ce sinadarin da ke cikin yashi da dutsen ƙyastu, kuma ta fi baƙin ƙarfe tauri, shi ya sa take cinye duk makamin da aka goga mata. Wannan dutse shi ne takonait. Kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai ƙarfe a jikinsa, ƙarfen kuma a warwatse yake cikin silika, ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya iya rarrabe yawancinsu.

A wasu wurare ruwan da ya daɗe yana bin tsagogin dutsen ya wanke silikar ya tafi da ita, ya bar tama mai laushi, jawur, wadda ƙarfenta ya haura kashi 50, wani wurin har 60. A 1871 wani mai neman ma'adinai, Peter Mitchell, ya haƙa rami a gabashin Mesabi ya tarar da dutsen mai tauri, wanda babu mai narka ƙarfe da zai saya. A watan Nuwamban 1890 'yan gidan Merritt suka dace da jar tamar a wurin da ake kira Mountain Iron, aka fara jigilarta a 1892. Ba ta buƙatar a shiga ƙarƙashin ƙasa: a kwashe ƙasar sama, injin tono ya ɗebo ta kamar yashi ya zuba a tarago, jirgin ƙasa ya kai ta bakin tafki, jirgin ruwa ya sauke ta a tashoshin Ohio da Pennsylvania.

Cikin 'yan shekaru ma'adinan Merritt suka faɗa hannun John D. Rockefeller, daga baya suka shiga cikin kamfanin U.S. Steel da aka kafa a 1901. Ma'aikata suka kwararo daga Finlan, Italiya, Suwidin da ƙasashen Balkan. Ramin Hull-Rust-Mahoning ya yi ta faɗaɗa har ya ci garin Hibbing, aka ɗaga gidaje aka matsar da su kudu daga 1919. A duk wannan lokaci takonait bango ne kawai da jar tamar ke ƙarewa a jikinsa. Inda ma'aikaci ya iske shi, nan aikinsa ya tsaya.

Muƙamuƙi da taɓarya

Har tsakiyar ƙarni na 19, da guduma ake fasa dutse, mutum ya zauna a gaban tsibi ya yini yana bugu. Wanda ya sauya wannan shi ne Eli Whitney Blake na garin New Haven, wanda aka sa cikin masu kula da shimfiɗa wata hanyar tsakuwa, ya ga tsadar fasa dutse da hannu. A 1858 ya yi rajistar injin da ya ƙera: faifan ƙarfe biyu masu fuskantar juna, faffaɗa a sama, matsattse a ƙasa, ɗaya a kafe, ɗaya yana matsowa yana ja da baya kamar muƙamuƙi. Dutse ya faɗa ta sama, a matse shi ya tsage, gutsattsarin su gangara inda ya fi matsi a sake matse su, har su fice ta ƙasa. Injin ba dukan dutse yake yi ba, matsa shi yake, don dutse ya fi saurin tsagewa idan aka danne shi a kan 'yan wurare ƙalilan.

Aibin muƙamuƙi shi ne rabin lokacinsa yana tafiya wajen buɗe baki. A 1881 Philetus Gates na Chicago ya yi rajistar wani injin da ba ya hutawa. Siffarsa kamar turmi ne marar gindi, an tsayar da ƙatuwar taɓarya a tsakiyarsa, kanta a rataye a sama, gindinta yana kewayawa. Duk inda taɓaryar ta karkata tana matse dutse da bangon turmin, ɗaya gefen kuma yana buɗewa abin da ya fashe ya zube. A shekarun 1920 'yan gidan Symons suka fito da ƙaramin irinsa mai saurin juyi, wanda ke karɓar abin da babban ya tofar ya mayar da shi tsakuwa.

Da ba don wani abu da aka gano a Ingila ba, da silika ta cinye waɗannan injuna cikin kwanaki. A 1882 Robert Hadfield na birnin Sheffield ya haɗa ƙarfe da manganis kimanin kashi 12 cikin ɗari, ya sami wani irin ƙarfe mai baƙon hali: duka yana ƙara wa fatarsa tauri, cikinsa kuma ba ya tsagewa. Da shi ake yi wa muƙamuƙi da taɓarya riga, idan ta cinye a cire a sa wata. Har yau kuɗin sauya wannan riga yana cikin manyan kuɗaɗen da kowace masana'antar fasa tama ke kashewa.

Asarar Edison

Mutum na farko da ya gwada niƙa tama marar ƙarfi da yawan gaske a Amurka shi ne Thomas Edison. Ya lura cewa masana'antun ƙarfe na gabashin ƙasar suna ƙarancin tama mai kyau, alhali duwatsun New Jersey cike suke da magnetait, wato nau'in tamar da maganaɗisu ke ja. Dabararsa mai sauƙin faɗi ce: a niƙa dutsen, a zubo garin ta gaban maganaɗisu, mai ƙarfe ya karkata gefe, yashi ya faɗi tsaye, kamar yadda iska ke raba hatsi da ƙaiƙayi a wajen sheƙa.

A farkon shekarun 1890 ya gina masana'anta kusa da Ogdensburg. Ya ƙera wasu gangunan ƙarfe biyu, kowace kaurinta ƙafa shida, masu juyawa suna fuskantar juna. Sai an bari sun ɗauki gudu sosai sannan a jefa dutse mai nauyin tan biyar ko shida a tsakaninsu, nauyinsu da gudunsu su tarwatsa shi. Ƙura ta addabi ma'aikata, ta shiga gaɓoɓin injuna. Da aka sami garin tamar kuma, sai ya ƙi zama a tanderun narka ƙarfe, iskar da ake hurawa ta ƙasa tana fitar da shi ta sama, dole aka nemi abin da za a cuɗa shi da shi a dunƙule.

Yana cikin wannan fama jar tamar Mesabi ta cika kasuwa, farashi ya faɗi. Wanda ke niƙa dutse ba zai iya gasa da wanda ke ɗibar ƙasa da shebur ba. A ƙarshen shekarun 1890 Edison ya rufe wurin bayan ya narkar da miliyoyin daloli, mafi yawa daga aljihunsa, ya kwashe dabarun niƙan ya koma yin siminti. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, amma ya bar wa na baya jerin matsalolin da sai an warware su: fasawa, niƙawa, rarrabewa da dunƙulewa.

Malamin lissafi

Edward Wilson Davis ya karanta injiniyancin lantarki a Jami'ar Purdue, ya zo Jami'ar Minnesota a 1912 don koyar da lissafi. A 1913 aka kawo masa samfurin takonait daga gabashin Mesabi, kuma daga nan har ya bar aiki bai rabu da dutsen ba. A tashar gwaje-gwajen ma'adinai ta jami'ar ya tabbatar cewa ƙarfen da ke wannan yanki magnetait ne, ya kuma gano cewa rarrabewa cikin ruwa ta fi ta busasshen gari tsabta. Ya ƙera wata 'yar na'urar gilashi ta auna yawan ƙarfen da maganaɗisu zai iya cirowa daga samfuri, wadda har yau ake kira da sunansa a ɗakunan gwaji.

Daniel Jackling, wanda ya yi suna da cin riba daga jan ƙarfe marar ƙarfi a jihar Utah, ya shiga cikin masu zuba jari. Kamfaninsu, Mesabi Iron, ya gina masana'anta a Babbitt, kusa da ramin Peter Mitchell, ta fara aiki a 1922. A 1924 ta tsaya. Bakin ƙarfen da ake huda dutsen da shi don a dasa nakiya yana dakushewa kafin a yi nisa, injunan fasawa suna cinyewa, abin da aka samar kuma ya fi jar tama tsada. Mutanen Mesabi suka ɗauki takonait a matsayin mafarkin malaman jami'a.

Davis ya koma ɗakin gwaji ya yi kusan shekara ashirin yana bin matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Ta dunƙulewa ta warware a shekarun 1940. An taɓa yin rajistar dabarar a Suwidin tun 1912, amma tasharsa ce ta mayar da ita abin da masana'anta za ta iya yi: a zuba damshin garin tama a ganga mai juyawa a hankali, ya riƙa mirginawa yana curewa da kansa, a haɗa da ɗan yumɓu mai danƙo da ake kira bentonait, sannan a gasa curin a zafin da ya kai kimanin digiri 1,300 har ya yi tauri. Kowane curi bai wuce girman ƙwallon goruba ƙarama ko gurjiya ba, milimita 9 zuwa 16, ƙarfensa kuma kimanin kashi 65.

Matsalar hudawa kamfanin Linde ne ya kawo maganinta a ƙarshen shekarun 1940, da wuta. Aka ƙera bututu mai fesa harshen wutar kananzir da iskar oksijin, zafinsa ya haura digiri 2,000. Silika ba ta jure zafin farat ɗaya, sai fatar dutsen ta riƙa ɓarewa tana tsalle, tururin ruwan da ke sanyaya bututun yana fitar da ɓaraguzan. Asalin hikimar tsohuwa ce, irin ta masu fasa dutse da ke hura wuta a kan fa don ya tsage. Daga baya aka sami haƙoran huda na tungstan masu jure silika, aka bar wutar.

Sauran matsalar ta doka ce. Minnesota tana karɓar haraji a kan tamar da ke kwance a ƙasa, ko an haƙa ko ba a haƙa ba, kuma da wannan kuɗi garuruwan Mesabi suka gina makarantunsu. Da a ce takonait ya zama abu mai daraja, da harajin biliyoyin tan ɗinsa ya kashe duk kamfanin da ya mallake shi. Davis ya bi garuruwan yana faɗa musu abin da ba su son ji, cewa jar tamar za ta ƙare. A 1941 majalisar jihar ta cire takonait daga wancan haraji, ta sa masa santi biyar a kan kowane tan da aka sarrafa. Yaƙin Duniya na Biyu ya gaskata maganarsa, don daga ramukan Mesabi aka kwashi mafi yawan tamar da Amurka ta yi jiragen ruwa da tankokin yaƙi da ita. Bayan yaƙin kamfanoni suka bazama neman tama a Labrador, Benezuwela da Laberiya. Idan ba a karya takonait ba, Mesabi zai zama kufai.

Daga fa zuwa hoda

Kamfanonin Armco da Republic Steel, waɗanda suka mallaki Reserve Mining, su suka fara zuba kuɗi. Aka buɗe rami a Babbitt, aka shimfiɗa layin dogo mai tsawon mil 47 zuwa bakin tafki, aka gina masana'anta da sabon gari a Silver Bay, aka raɗa wa masana'antar sunan Davis. Ta fitar da curin farko a ƙarshen 1955, jirgin ruwa na farko ya tashi da kaya a watan Afrilun 1956. Kamfanin Erie ya biyo baya a Hoyt Lakes a 1957.

Tsarin aikin bai sauya sosai ba har yau. Nakiya ita ce mataki na farko, kuma mafi araha: a huda ramuka jere, a cika su, a tashi dubban ɗaruruwan tan a bugu ɗaya. Manyan motoci su juye duwatsun, wasu girmansu kamar ɗaki ƙarami, a bakin injin taɓarya irin na Gates mai ƙofar inci 60. Abin da ya fito ta ƙasa bai fi girman kan mutum ba. Daga nan ya bi ta ƙananan injuna hawa biyu ko uku, tsakanin kowane hawa akwai rariyar ƙarfe mai girgiza da ke barin ƙanana su wuce, ta mayar da manya baya, har komai ya koma tsakuwa ta kimanin santimita biyu.

Ana yin hawa-hawa ne saboda kowane inji yana da iyakar abin da zai iya ragewa, yawanci bai wuce ya mayar da dutse kashi ɗaya cikin shida ko takwas na girmansa ba. Daga tsakuwa sai niƙa. Ana zuba ta da ruwa a wata doguwar ganga mai juyawa cike da sandunan ƙarfe, su ɓarza ta ta zama yashi. A nan maganaɗisu na farko yake jira, ya kama duk ƙwayar da ke da ƙarfe, ya bar wadda ba ta da shi ta bi ruwa, don kada a ɓata wuta wajen niƙa abin da za a zubar. Ragowar ta shiga ganga ta biyu mai ƙwallayen ƙarfe, a niƙa, a sake bi ta maganaɗisu, a sake niƙawa, har yawancin garin ya iya ratsa rariya mai ƙofofin da ba su kai kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba. Sai a wannan laushi ƙwayar magnetait ke rabuwa da silikar da ta rungume ta.

Nan ne kuɗin yake tafiya. A 1952 Fred Bond, injiniya a kamfanin Allis-Chalmers na Milwaukee, ya wallafa lissafin da har yau ake auna girman injin niƙa da shi. Lissafin ya nuna cewa ƙarfin da ake buƙata yana hauhawa ne yayin da ƙwaya ke ƙanƙancewa. Bisa ƙa'idarsa, wutar lantarkin da za ta mayar da tsakuwa mai santimita biyu ta zama hodar da takonait ke buƙata ta ninka fiye da sau ashirin wadda za ta mayar da dutse mai faɗin mita guda ya zama wannan tsakuwa. Injin taɓarya mai girgiza ƙasa shi ke ba baƙo tsoro, amma gangunan niƙa su ke shan wutar. Wannan ya sa masana'antar Hibbing Taconite da aka buɗe a 1976 ta ɗauki wata hanya: bayan fasawar farko, sai a zuba duwatsun a ganguna masu faɗin ƙafa 36, manya su riƙa faɗowa kan ƙanana, dutse ya niƙa ɗan'uwansa.

Abin da ba a zata ba shi ne curin ya fi jar tamar kyau a tanderu. Girmansa ɗaya ne, iska mai zafi tana ratsa tsakaninsa ba tare da toshewa ba, ƙarfensa kuma sananne ne, don haka tanderu ɗaya yana fitar da ƙarfe fiye da da. A 1964 masu zaɓe a Minnesota suka amince da gyaran tsarin mulkin jihar da ya ba kamfanonin takonait tabbacin shekara 25 ba za a ɗora musu haraji fiye da sauran masana'antu ba. U.S. Steel ya buɗe Minntac a Mountain Iron a 1967, daidai inda 'yan Merritt suka fara. Kafin shekarun 1960 su ƙare, curin takonait ya zarce jar tama a jiragen da ke barin Minnesota.

Abin da maganaɗisu ya bari

Daga kowane tan uku na dutse, tan ɗaya ne ke zama curi. Sauran biyun laka ce mai ruwan toka, kuma dole a sami inda za a kai ta. An zaɓi Silver Bay ne saboda niƙa na shan ruwa mai yawa, tafkin kuma zai ba da ruwan ya karɓi lakar. A 1947 jihar ta ba da izini bisa hujjar da Davis kansa ya goyi baya, cewa lakar ta fi ruwa nauyi, za ta gangara ta kwanta a wani kwazazzabo mai zurfin kusan ƙafa 900 a ƙasan tafkin.

Mai kaurin ya kwanta, har ya yi tudu a gaban masana'antar. Mai laushin bai kwanta duka ba. Masunta suka fara ƙorafin ruwa ya canza launi ya koma kore-kore, kifi ya ragu. A 1968 wani rahoton ma'aikatar cikin gida ta tarayya ya ɗora laifin gurɓata ruwan a kan kamfanin, kuma a 1972 gwamnatin tarayya ta shigar da ƙara. A watan Yunin 1973 shari'ar ta sauya fuska, lokacin da hukumar kare muhalli ta sanar cewa an sami zaruruwa masu kama da asbesto a ruwan famfon Duluth. Tushensu wani ma'adini ne mai suna kamingtonait-gurunerait da ke cikin dutsen gabashin Mesabi. Muddin yana cikin fa ba ya cutar da kowa. Niƙan da ya 'yanta ƙwayar ƙarfe shi ya 'yanta shi ma, ya tsattsaga shi ya zama allurai da sai da madubin lantarki ake ganinsu. Mutanen Duluth suka koma layin ɗibar tataccen ruwa.

An san shaƙar asbesto tana jawo ciwon daji. Shan sa a ruwa kuwa babu likitan da ya iya rantsewa a kai, ko Irving Selikoff, babban masanin cutar, wanda ya ba da shaida. Tambayar da ke gaban kotu ita ce ko za a rufe masana'anta saboda haɗarin da ba a tabbatar ba, wanda idan ma gaskiya ne sai bayan shekara ashirin ko talatin zai bayyana. Alƙali Lord ya ce a rufe. Kotun ɗaukaka ƙara, a hukuncinta na 1975, ta ce ba a nuna haɗari na nan take ba, amma akwai dalilin damuwa da ya isa doka ta sa baki, ta ba kamfanin lokaci ya daina zubarwa a tafki, ya kuma gaggauta tace ƙurar da yake fitarwa a iska. Hukuncin ya zama abin kafa hujja a shari'un muhalli na Amurka. A farkon 1976 aka cire Lord daga shari'ar bisa zargin ya karkata, amma wanda ya gaje shi, Edward Devitt, ya ci kamfanin tarar fiye da dala miliyan ɗaya. A watan Maris na 1980 aka daina zubarwa, bayan an gina madatsar laka a tudu, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 370. Davis bai ga ƙarshen shari'ar ba, ya rasu a 1973.

Binciken da aka yi kan mazauna Duluth daga baya bai nuna ƙaruwar ciwon dajin hanji a fili ba. Cutar ta fi bayyana ne a wajen waɗanda suka yi aiki cikin ƙurar. A 2008 majalisar jihar ta ba Jami'ar Minnesota kuɗi ta binciki lafiyar ma'aikatan takonait, kuma rahoton ƙarshe na 2014 ya nuna cewa mesoteliyoma, wato dajin fatar da ke lulluɓe huhu, ya fi yawa a cikinsu fiye da sauran mutanen jihar, haɗarin kuma yana ƙaruwa da yawan shekarun aiki.

Bayan ƙura ta lafa

Kasuwa ce ta yi wa Reserve Mining abin da alƙali bai iya ba. Farashin ƙarfe ya faɗi a farkon shekarun 1980, kamfanin LTV da ya haɗiye Republic Steel ya durƙushe a 1986, masana'antar Silver Bay ta tsaya, gidaje suka zama babu kowa. An sake buɗe ta bayan 'yan shekaru da sunan Northshore, da ma'aikata ƙasa da na da, kuma tun 1994 tana hannun Cleveland-Cliffs. Masana'antar Erie ta rufe a 2001.

Hanyar da aka share a Mesabi ita ake bi duk inda tama ta gaza ƙarfin shiga tanderu kai tsaye. Tamar Itakpe a jihar Kogi, wadda aka tsara za ta ciyar da masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, ƙarfenta kimanin kashi 36 ne, shi ya sa aka gina mata wurin fasawa da niƙa da tacewa a gindin dutsen don a ɗaga shi ya haura kashi 60. Irin wannan wuri ba ya rayuwa sai da wutar da ba ta yankewa, da ruwa, da kayan gyara masu zuwa a kan kari, da mai sayen abin da aka tace, kuma babban tanderun Ajaokuta har yau ba a hura shi ba.

A Minnesota jar tamar da ta gina Hibbing ta ƙare kamar yadda Davis ya faɗa, ruwa ya cika yawancin tsofaffin ramukanta. Mafi yawan tamar da Amurka ke haƙowa yanzu daga takonait ɗin Mesabi take fitowa. Jirgin ƙasa yana sauko da dutse daga Babbitt zuwa Silver Bay a kan layin nan mai mil 47, lakar kuma ana tura ta ta bututu zuwa tudu, inda ake rufe ta da ruwa da ciyawa don kada iska ta ɗauke ta.